Yawan Ambato da Nauyin Aiki: Nasiha ga 'Ya'yan Bangi Masu Binciken Ciwon Daji

'Ya'yana, ku da kuka tashi a Bangi da ƙauyukan Mariga kuka tafi neman ilimin kimiyya a Lapai da Minna da Zariya da Sakkwato, Allah Ya yi muku albarka. Labari ya iso mini cewa wasunku sun sa ƙafa a fagen binciken ciwon daji, kuma na san irin hirar da ake yi a wannan fage: wane maƙalarsa nawa, sau nawa aka ambace shi, da waɗanne manyan jami'o'i yake aiki. Ba na ganin laifinku. Da waɗannan lambobi ake ƙarin girma a jami'a, da su ake neman kuɗin bincike, kuma wanda ya raina su zai daɗe a baya. Abin da nake so shi ne ku san daga inda suka fito, da abin da suke iya aunawa, da abin da ya fi ƙarfinsu, don kada ku wayi gari kuna yi musu bauta.

Ƙirgar ambato ba tsohon abu ba ne. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, inda mutum zai duba ya ga su wa suka kafa hujja da wace maƙala. Babban nufinsa shi ne mai bincike ya iya bin sawun magana daga inda ta faro zuwa inda ta kai. A 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo abin da ake kira ma'aunin h. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan aka ce ma'auninka 10 ne, to kana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Yau kowa na iya buɗe Google Scholar a wayarsa ya ga lambar malaminsa, abin da a da sai an yi kwanaki a laburare.

Mu kuwa ambaton malami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Malaman hadisi ma ba sa karɓar magana sai sun san daga bakin wa ta fito, shi kuma daga wa ya ji, kuma ko mutumin amintacce ne ko mai mantuwa. A wurinsu ambato amana ce da ake mayarwa ga mai ita, kuma hanya ce da na baya zai bi ya tabbatar da kansa. Idan kun riƙe ambato da wannan fuska, kun riƙe shi daidai. Ranar da ya zama kwalliyar da ake tarawa don a gani, ranar ya fara lalacewa.

Bari in ba ku labarin wata maƙala, domin ya fi dogon bayani. A 1957 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, aka nuna masa wani yaro da kumburi a muƙamuƙi, sama da ƙasa. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi. Wani likitan da ya yi magani ya wuce, amma shi sai ya koma ɗakin ajiyar takardun asibiti yana tono bayanan yaran da suka gabata. A 1958 ya buga abin da ya gani a kan yara 38 a wata mujallar likitocin tiyata ta Ingila. Maƙalar ta fito, duniya ta yi shiru. Da a lokacin ana duba lamba a waya, da an ce mutumin bai yi komai ba.

Bai tsaya jiran ambato ba. Da 'yan fam kaɗan da aka ba shi ya buga takardu masu hoton ciwon, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka yana tambaya: kuna ganin wannan a wajenku? A 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000, suka zaga asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Abin da taswirarsu ta nuna shi ne ciwon yana bin ƙasa mai zafi da danshi, yana ɓacewa a kan tsaunuka masu sanyi. Da ya leƙo Afirka ta Yamma ya ga yana da yawa a kudancin Nijeriya mai yawan ruwa, yana ƙaranci a wajen Kano. Daga baya aka gane cewa wannan ita ce taswirar wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani.

A wannan shekara ta 1961 ya yi lacca a asibitin Middlesex a Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya ji bayanin ya ce a ransa lalle akwai ƙwayar cuta a bayan wannan abu. Suka yi yarjejeniya Burkitt ya riƙa aiko masa da naman ciwon ta jirgin sama. Kusan shekara uku Epstein yana nema bai samu ba. A ƙarshen 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ya ɗauko wani samfuri, ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi kamar ya lalace. Maimakon ya zubar, sai ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin ciwon ne suka saki jikinsu suna yawo da ransu. Daga nan suka samu suka raya su, kuma a 1964 shi da Bert Achong da Yvonne Barr suka buga a mujallar Lancet cewa sun ga wani sabon bairos a cikinsu. Shi ne bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A Ibadan kuma Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ciwon nan yana narkewa da magani, har aka haɗa shi da Burkitt da wasu a lambar yabo ta Lasker a 1972.

Ku dubi abin da ya ɗauki wannan aiki, 'ya'yana. Ido mai lura, takardun asibiti da wani ya cika da kyau shekaru kafin nan, wasiƙu, da haƙuri. Ambato ya zo daga baya, ya zo da yawa, amma ba shi aka fita nema ba. Haka Peyton Rous ya nuna a 1911 cewa bairos yana jawo ciwon daji a jikin kaji, aka ƙi kula shi, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, shekara 55 bayan aikin.

A ɗaya gefen, maƙalar da ta fi kowace yawan ambato a lissafin da mujallar Nature ta yi a 2014 ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, wadda aka ambata sama da sau 300,000. Hanya ce ta auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Aiki ne mai amfani, amma yawan ambatonsa ya zo ne saboda kowa yana bukatarsa a ɗakin gwaje-gwaje kullum. Lamba tana kuma bin yawan masu fage. Wanda yake binciken ciwon da dubban masana ke aiki a kansa a Amurka da Turai zai tara ambato cikin sauri. Wanda ya duƙufa a kan sankarar mafitsara da tsargiya ke jawowa, masu karanta shi kaɗan ne, ko da aikinsa ya fi tsafta. Kuma injin ƙirga bai san yabo da suka ba: idan mutum ɗari suka ambace ka don su ce ka yi kuskure, ambato ɗari zai rubuta maka. A kasuwar shanu ta Mariga, mai saye na ƙwarai ba ya tsayawa ga yawan kawuna. Sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja sa ya ga tafiyarsa. Idan aka miƙo muku jerin maƙalolin wani, ku ɗauki biyu ko uku ku karanta su tun daga hanyar da aka bi har zuwa sakamako, sannan ku yanke hukunci. Masana da kansu sun yi wannan kira a sanarwar San Francisco ta 2012, cewa a auna aiki da abin da ke cikinsa, a daina auna shi da sunan mujallar da ta buga shi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis suka bayyana a Nature cewa masana a kamfanin Amgen sun yi ƙoƙarin maimaita manyan binciken ciwon daji guda 53 da aka buga a fitattun mujallu, guda 6 kawai suka tabbata. Wasu daga cikin waɗanda suka ƙi tabbata an riga an ambace su sau ɗaruruwa, an gina wasu ayyuka a kansu. Ku tuna cewa a ƙarshen wannan layi akwai maras lafiya da za a ba magani bisa abin da aka rubuta. Shi ya sa nake roƙonku da littafin ɗakin gwaji: ku rubuta abin da kuka yi a ranar da kuka yi shi, da biro, har gwajin da ya ƙi. Idan sakamako ya fito yadda kuke so, wannan ne lokacin da ya fi dacewa ku sake yi, ku kuma ba abokin aiki ya yi ba tare da ya san wace kwalba ce wace ba. Hoton gwaji kuwa kada a taɓa shi da kwamfuta don ya yi kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yanzu akwai mutanen da aikinsu ke nan, bin tsofaffin maƙaloli suna gano hotunan da aka yi wa kwaskwarima, ko bayan shekara ashirin.

Za ku riƙa samun saƙonni daga mujallun da ba ku taɓa ji ba, suna kiranku manyan masana, suna cewa ku turo maƙala da kuɗi a buga cikin mako guda. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibi zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya kamata ya tsaya muku a rai shi ne sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira ya sa su kamar na Afirka ne. Duk ɗanmu da ya zuba aikinsa a irin waɗannan mujallu yana ƙara wa masu raina mu hujja, kuma yana binne guminsa inda ba mai tono shi. Kafin ku aika, ku tambayi ma'aikacin laburare, ku duba ko mujallar tana cikin PubMed, ku ga su wane ne editocinta. Mujallar ƙwarai za ta dawo muku da aikin da gyare-gyare masu zafi. Ku karɓa da hannu biyu, domin karatu ne kyauta daga wanda ya riga ku.

Na san da yawanku za su fara da ganye da saiwa, tunda su ne a kusa kuma iyayenmu sun san su. Hanya ce mai kyau. Maganin vincristine, wanda har yau ake ba yara masu ciwon Burkitt, daga wani fure na tsibirin Madagaska aka samo shi. Amma tsakanin ruwan ganyen da ya kashe ƙwayoyi a faranti da maganin da za a ɗura wa mutum akwai tafiya mai nisa: a ware sinadarin, a san yadda yake aiki, a ga ko yana barin lafiyayyun ƙwayoyi, a gwada a dabba, sannan a mutum mataki mataki. Ku faɗi iyakar abin da kuka gani. Idan kuka rubuta cewa ganye kaza yana maganin sankara alhali a faranti kawai kuka gwada, maganar za ta iso kasuwar Bangi kafin ku dawo hutu, kuma wata uwa mai ƙullutu a mama za ta zauna gida tana shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Haka kuma kada ku yanka aiki ɗaya gida biyar don jerin ya yi tsawo. Masu karatu suna ganewa.

Sai maganar suna a kan maƙala, wadda ta raba abokai da yawa. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka yarda da ita a fili take: marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da abin da aka fitar, kuma ya yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Al'adar sa sunana in sa naka ba ta cikin wannan. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, kuma na san yana da wuya ɗalibi ya ce wa babba a'a. Maganin abin shi ne a yi maganar tun kafin a fara aiki, cikin ladabi, a rubuta wa zai yi me da inda sunansa zai zauna. Idan girma ya zo hannunku, ku tuna da ma'aikacin ɗakin gwaji da ya yanka nama ya rina shi, da malamar jinya da ta cika takardu. Wanda ya cancanci suna a ba shi, wanda bai kai ba a gode masa a rubuce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a binciken ciwon daji ba wanda ke aiki shi kaɗai. Injinan karanta ƙwayoyin gado suna da tsada, dole ku nemi abokan aiki a Ibadan ko Legas ko ƙetare. Sai dai haɗin gwiwa iri biyu ne. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ciwon Burkitt da aka ɗauka daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11. Waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau suna raye a ɗakunan gwaji a faɗin duniya, an yi dubban bincike da su. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tambayi kaina: nawa ne daga cikin wannan ilimi ya dawo ga yaran ƙasar da ya fito? Ku sa wannan tambaya a gabanku duk ranar da wani ya ce ku tara masa jini ko nama ku aika. Ku nemi a rubuta yarjejeniya: ina samfurin zai je, me za a yi da shi, wa zai riƙe bayanan, wa za a horar a cikinku, kuma wa zai jagoranci rubutun.

Irin haɗin gwiwar da nake yi muku fata shi ne na Farfesa Olufunmilayo Olopade. A Ibadan ta yi karatun likita, ta tafi Jami'ar Shikago ta zama babbar masaniyar gadon sankarar mama, amma ta juyo da tambayarta gida: me ya sa ciwon ke kama matanmu da ƙuruciya, kuma yake da zafi haka? Ita da likitocin Ibadan irin su Clement Adebamowo da Temidayo Ogundiran suka fara bin matan da ke zuwa asibiti tun 1998. Bayan shekara ashirin, a 2018, suka buga sakamakon gwajin mata sama da 1,100 masu ciwon, inda suka nuna cewa kusan ɗaya cikin takwas ta gaji matsalar ne ta wasu ƙwayoyin gado, musamman BRCA1 da BRCA2. Ku lura da tsawon lokacin, ku lura kuma tambayar daga ina ta taso. Sannan kada ku manta da izinin maras lafiya. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, kuma rashin yardar da ya biyo baya ya daɗe yana cutar da aikin rigakafi. Ku yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Kambari, ku bar shi ya shawarci iyalinsa, kuma ku tabbatar masa cewa in ya ƙi ba za a hana shi magani ba.

Tambayoyi kuwa suna nan a ƙofar gidanku. Masara da gyaɗar da muke nomawa, idan aka zuba su a rumbu ko buhu ba su gama bushewa ba, funfuna tana kama su ta bar guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗar Birazil. A 1991 masana suka nuna irin tabon da take bari a ƙwayar gado ta p53 a cikin sankarar hanta, kuma an san haɗarin yana ninkuwa idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta fitar da Aflasafe don rage gubar tun daga gona. Wa zai auna hatsin rumbunanmu daga kaka zuwa bazara ya gaya mana halin da muke ciki? Ga yaran da ke wanka a rafi suna fitsarin jini, ana ɗauka abin ƙuruciya ne, alhali tsargiyar da ta daɗe tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. Ga rigakafin sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, wanda ya samo asali daga aikin Harald zur Hausen na Jamus a kan bairos ɗin HPV. Me iyaye a ƙauyukanmu suka fahimta game da shi, me ke sa wasu su ja baya? Wanda ya tashi a cikinsu shi zai iya tambaya a ba shi amsa ta gaskiya.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum sama da 120,000 ne suka kamu a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu. Wannan ƙiyasi an gina shi ne a kan rajistar 'yan birane kaɗan, irin ta Ibadan da George Edington ya kafa a 1960. Matar da ta tashi daga ƙauyen Mariga, ta fara da mai magani, ta zo Bangi, aka tura ta Kontagora, daga can aka ce sai Shika ko Sakkwato, kuɗin mota da tsoron hanya suka mayar da ita gida, ba ta cikin lissafin kowa. Idan ɗayanku zai nemi izinin hukumar lafiya da na kwamitin ɗa'ar bincike, ya zauna da ma'aikatan asibitocin yankinmu su buɗe rajista mai tsafta, ya yi babban aiki. A rubuta shekarun maras lafiya, garinsu, inda ciwon yake a jiki, tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya zo, ko an yanki nama an kai gwaji, da abin da ya faru da shi bayan wata shida da bayan shekara. A ɓoye sunaye, a ajiye kwafi a wuri biyu, a riƙa bin waɗanda aka tura gaba ta waya. Bayan shekara biyar za ku iya zuwa Minna da takarda a hannu ku ce ga yawan masu ciwon, ga matakin da suke isowa, ga inda suke ɓacewa a hanya, ga abin da asibitin Bangi yake bukata.